Ancobi: Ƙaramin kifin da dabbobi suka fi mutane cin moriyarsa

A watan Yunin 2023 gwamnatin ƙasar Peru ta soke zangon farko na kamun wani ƙaramin kifi a gaɓar tekunta ta arewa da ta tsakiya. Masu bincike na IMARPE, cibiyar nazarin teku ta ƙasar, sun fita da jiragensu sun dudduba ruwa, suka tarar ya yi ɗumi fiye da ƙima, kuma akasarin kifin da suka gani 'ya'ya ne da ba su kai tsawon santimita 12 da doka ta yarda a kama ba. Jiragen su suka yi cirko-cirko a tashar Chimbote, injinan masana'antu suka yi tsit. Kafin shekarar ta ƙare, farashin man kifi a kasuwar duniya ya hau matakin da bai taɓa hawa ba, masu kiwon kifi tun daga China har Norway suka ji a jikinsu.

Kifin da ya haddasa wannan girgiza bai fi tsawon yatsan babban mutum da kaɗan ba. Siriri ne, mai launin azurfa a ciki da shuɗi-shuɗi a gadon baya, yana da wawakeken baki da ya zarce idonsa. Turawan Ingila na kiran danginsa ancobi, mutanen Peru kuma na kiran nasu ancobeta. Akwai ire-irensa fiye da 140 a tekunan duniya, amma na Peru shi ne uban tafiya: a mafi yawan shekaru babu wani nau'in kifi guda da ake kamawa da yawa kamarsa a faɗin duniya. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ɗan kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke shiga tukunyar miya. Fiye da kashi 95 cikin 100 ana dafa shi ne a masana'anta, a matse mansa, a busar da sauran a niƙe ya zama gari, a zuba a buhuna a kai wa kifin kiwo da aladu da kaji.

Me ke cikin jikinsa?

Ƙididdigar da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta fitar kan abubuwan da ke cikin abinci ta nuna cewa giram 100 na ɗanyen ancobi, irin na tekun Turai, na ɗauke da furotin kimanin giram 20, wato daidai da abin da ake samu a tsokar naman sa mai nauyi ɗaya. Akwai sinadarin kalsiyam miligiram 147, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini miligiram 3 da ɗoriya, da bitamin B12, da niyasin, da seleniyam. Sai kuma kitsen nan da ake kira omega-3, kusan giram ɗaya da rabi, wanda ƙwaƙwalwar jariri da idanunsa ke buƙata tun yana ciki, kuma likitocin zuciya ke yabawa.

Waɗannan alƙaluma kaɗai ba su bayyana fifikonsa ba. Sirrin yana cikin yadda ake cinsa. Idan aka sayi babban kifi kamar giwan ruwa, tsoka ake ci, a zubar da ƙaya da ƙashi da kayan ciki, galibi har da kai. To, a waɗannan sassa da ake zubarwa ne kalsiyam da bitamin A da kaso mai tsoka na ƙarfe da zinc suka fi taruwa. Shi kuwa ƙaramin kifi ba a tsayawa fiɗarsa. Ana tauna shi gaba ɗaya, da kai da ido da ƙashi da hanta. Mutumin da ya ci ɗan tafin hannu na busasshen ancobi ya sami kalsiyam daga ƙashin da bai ma lura ya tauna ba, abin da ke da muhimmanci ga gidajen da madara ta zama sai ranar sa'a. Idan kuma aka busar da shi, ruwan da ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ya fita, furotin da ma'adanan da ke cikin kowane cokali sai su ninka kusan sau uku.

Akwai wani bambanci da ba kasafai ake bayyana wa iyaye mata ba. Ƙarfen da ke cikin gero da dawa da wake yana nan, amma hanji ba ya iya zuƙe shi da sauƙi, domin hatsi na ɗauke da wani sinadari da ke riƙe shi ya hana jiki amfana. Na jikin kifi da nama ya fi saurin shiga jini, kuma kasancewar kifi kaɗan a cikin kwano na taimaka wa jiki ya zuƙi na hatsin ma. Shi ya sa ɗan garin kifi a cikin kunun yaro ke yin aikin da ya fi ƙarfin girmansa.

Gajartar rayuwarsa ma alheri ce ga mai ci. Ancobi ba ya wuce shekara uku zuwa huɗu a duniya, kuma abincinsa ƙananan halittu ne da ke yawo a saman ruwa, waɗanda ido da ƙyar yake ganinsu. Gubar zaiba, wadda masana ke kira makuri, takan taru ne a jikin manyan kifaye masu tsawon rai da ke cin 'yan uwansu, kamar kifin shak da manyan tuna. Ancobi bai daɗe ba balle ya tara. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanya shi a jerin kifayen da ta fi amincewa mata masu juna biyu da ƙananan yara su ci.

Inda gizo ke saƙar

Sai dai wanda ya shiga babban kanti a Abuja ya ɗauko ɗan gwangwanin ancobi na Italiya ko Sifaniya, ya sani ba wannan kifin da aka lissafa a sama ya saya ba. Na gwangwani an jera shi ne a ganga ana barbaɗa gishiri tsakanin kowane layi, an danne shi wata da watanni har tsokarsa ta koma ja-ja, sannan aka cire ƙashin aka zuba a mai. Ɗanyen kifin na da sodiyam kimanin miligiram 100 a giram 100; na gwangwani ya haura 3,600. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babban mutum ya kai miligiram 2,000 a yini, wato ƙasa da giram 5 na gishiri. Mai hawan jini da ya ji ana yabon ancobi ya zauna ya cinye gwangwani guda, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Turawan da suka ƙirƙiro shi ma ba cin ƙoshi suke yi masa ba. Guda biyu ko uku ake narkarwa a mai mai zafi domin ɗanɗano, a rage gishirin girkin.

Masu fama da ciwon gaɓoɓin nan da ake kira gawut, wanda ke sa babban yatsan ƙafa ya kumbura ya yi zogi, likitoci kan hana su yawan cin ancobi da sardin, saboda suna ƙara sinadarin da ke taruwa a gaɓɓai. A Sifaniya kuma, inda ake cin ancobi ɗanye bayan an jiƙa shi a ruwan tsami, an sha fama da wata tsutsar teku mai kama ciki, har doka ta wajabta wa gidajen abinci su daskarar da kifin a ƙanƙara kafin su ba mutane shi ɗanye. Wuta tana kashe wannan tsutsa, saboda haka wanda ya dafa ko ya soya ba shi da abin fargaba.

Ɗanɗanon da gishiri da lokaci ke fitarwa daga jikin wannan kifi tsohon sani ne. Rumawa na dā sun yi wani romo mai suna garum daga ƙananan kifaye da kayan cikinsu, wanda suke bari ya ruɓe cikin gishiri a rana, kuma har yau masunta a garin Cetara na kudancin Italiya na yin jikansa. Romon kifin Vietnam da Thailand daga ancobi ake tatso shi. A Koriya da Japan busasshensa ne tushen romon miya, a Malesiya kuwa ana soya shi ƙarau a ɗora a kan shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan: aikin da daddawa ke yi a miyar kuka shi ne wannan kifi ke yi a waɗancan tukwane, kuma sinadarin da ke ba da daɗin iri ɗaya ne. Wari a hannu, daɗi a miya.

Yadda abincin mutane ya koma na dabbobi

Dalilin da ya sa gaɓar Peru ta fi ko'ina wannan arziki shi ne wata igiyar ruwa mai sanyi da ake kira Humboldt, wadda ke gangarowa daga kudu tana bin gaɓar Chile da Peru. Iska na ture ruwan sama zuwa tsakiyar teku, na ƙasa mai sanyi da ke cike da taki ya taso ya maye gurbinsa. Hasken rana na sauka a kansa, ƙananan tsirran ruwa su yi ta haihuwa, ancobeta ya buɗe baki yana tacewa.

Mutanen wannan gaɓa sun rayu a kansa tun fil azal. A Caral, birnin da ya kai shekara kusan 5,000 kuma ake lissafa shi cikin mafi tsufa a nahiyar Amurka, masu tonon tarihi ƙarƙashin jagorancin Ruth Shady sun tarar da tarin ƙasusuwan ancobeta da sardin, alhali birnin na da nisan fiye da kilomita 20 daga teku. Manoman ciki na noma auduga su ba masunta su saƙa raga, masunta su biya su da busasshen kifi. A ƙarni na 19 kifin ya sake azurta ƙasar ta bayan gida: miliyoyin tsuntsayen teku da ke cinsa sun tara kashi tsibi-tsibi a tsibirai, aka riƙa haƙa ana sayar wa manoman Turai a matsayin taki.

Masana'antar garin kifi ta kankama ne a shekarun 1950, ta kuma bunƙasa da saurin da ba a taɓa gani ba. A 1970 Peru ta kama fiye da tan miliyan 12 na wannan kifi shi kaɗai. Shekara biyu bayan haka, a 1972, sai ga El Niño, wato ɗumamar ruwan da ke hana na ƙasa tasowa, ya iske kifin da dama an riga an ci ƙarfinsa. Kamun ya rushe, ya kuma ɗauki kusan shekara ashirin kafin ya farfaɗo. Masu kiwo a duniya suka koma kan waken suya, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, har gwamnatin Amurka ta taƙaita fitar da shi na ɗan lokaci a 1973.

Tun daga lokacin Peru ta koyi darasi wajen ƙayyade yawan abin da za a kama a kowane zango, kuma soke zangon 2023 shaida ce cewa ana sauraron masana. Abin da bai sauya ba shi ne inda kifin ke zuwa. Ana buƙatar sama da tan huɗu na ɗanyen kifi kafin a sami tan ɗaya na gari, kuma China ce babbar mai saye. A tsarin dokar ƙasar, kason manyan jiragen na masana'antar gari da mai ne. Abin da aka ware wa cin mutane na ƙananan masunta ne. Wannan kuwa a ƙasar da ƙididdigar gwamnatinta ta 2023 ta nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 35 na fama da ƙarancin jini.

An yi yunƙurin juya akalar. A 2006 wata masaniyar halittun teku, Patricia Majluf, ta haɗa kai da manyan masu girki irin su Gastón Acurio suka shirya makon cin ancobeta a gidajen abinci na Lima, domin a cire wa mutane tunanin cewa abincin kaji ne. An ci an yaba, sayar da na gwangwani ya ƙaru, amma bai taɓa lafiyar masana'antar ba. Adalci ne a faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Kifi ne mai taushin jiki da yawan mai, yana lalacewa cikin sa'o'i idan babu ƙanƙara, kuma babu kasuwar da za ta cinye tan miliyan huɗu ko biyar nasa a shekara ko da an raba shi kyauta. Garin kuma ba ɓacewa yake yi ba, yana komawa tsokar wani kifin ko ƙwan kaza. Mai kiwon tarwaɗa a Najeriya da ke sayen abincin kifi na buhu yana cikin masu cin gajiyarsa. Amma a kowane mataki ana asarar wani kaso na abincin, kuma wanda ke iya sayen kifin salmon ba shi ne yaron da jininsa ya yi ƙasa ba.

A gaɓar Afirka ta Yamma

Ba sai an je Kudancin Amurka za a ga ancobi ba. Irin na Turai yana nan a gaɓar Ghana da Togo da Benin, yana yawaita daga Yuli zuwa Satumba lokacin da ruwan sanyi ke tasowa. Kabilar Ewe na kiransa abobi, wasu na ce masa amoni, mutanen Accra kuma sun yi masa laƙabi da 'yan makarantar Keta, da sunan garin masunta da ke gabashin ƙasar. Mata ne ke riƙe da sana'ar: su saya daga kwale-kwale, su shanya a rana ko su yi bandarsa a murhun Chorkor mai faranti hawa-hawa, wanda aka ƙirƙiro a unguwar masunta mai wannan suna a ƙarshen shekarun 1960. Daga nan buhunansa ke bin mota zuwa Kumasi da Tamale har su tsallaka Burkina Faso. Duk wanda ya ci wake da shinkafa a zangon Nima ko na Kumasi, aka zuba masa baƙin yajin nan na shito, ya ci garin ƙananan kifaye da na jatan lande ko bai sani ba.

Wannan arziki ma yana cikin haɗari. Kamun ƙananan kifayen Ghana, musamman sardin, ya faɗi ƙasa warwas cikin shekaru ashirin da suka wuce, saboda yawan jirage da raga mai ƙananan idanu da kamun dare da fitila, da kuma haramtacciyar cinikayyar da ake kira saiko, inda manyan jirage ke kwashe kifin ƙananan masunta su daskarar su sayar musu a tsakiyar teku. A 2019 gwamnati ta fara sanya wa ƙananan masunta lokacin hana su domin kifi ya samu ya hayayyafa. Can arewa kuma, a Muritaniya da Senegal da Gambiya, masana'antun garin kifi sun yi ta tsirowa a bakin teku. Wani rahoto da ƙungiyoyin Greenpeace Africa da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa sama da tan rabin miliyan na ƙananan kifaye ake kwashewa daga wannan gaɓa duk shekara a mayar gari da mai, adadin da ya isa ya ciyar da mutum fiye da miliyan 33. Galibinsu sardin ne da bonga, ba ancobi ba, amma hanyar da aka bi ta Chimbote ce.

Wani bincike da masana daga Jami'ar Lancaster da abokan aikinsu suka wallafa a mujallar Nature Food a 2022 ya duba ƙasashe 39 masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ya gano cewa a kashi 72 cikin 100 nasu, ƙananan kifaye irin su ancobi da sardin ne kifi mai gina jiki mafi araha. Shekara guda kafin nan, an ba Shakuntala Thilsted lambar yabo ta abinci ta duniya saboda aikin da ta yi a Bangladesh na mayar da ƙananan kifaye cikin abincin mata da yara, har da garin kifi da ake barbaɗawa a abincin yaye.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Najeriya kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai 57. Kashi 68 na ƙananan yara da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa na da ƙarancin jini. Ba ancobi ne zai warware wannan ba, domin zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da talauci duk suna da hannu. Mu ma kuma ba mu rasa namu ba. A Tafkin Kainji akwai warangi, ɗan mitsitsin kifin ruwan daɗi daga dangin sardin, wanda masunta ke kamawa su shanya su kai kasuwanni irin na Yauri. Ba ancobi ba ne, amma shi ma da kai da ƙashi ake cinsa, kamar yadda ake cin dagaa a kewayen Tafkin Victoria da kapenta a Zambiya. Cikin masu sayensa har da masu haɗa abincin kaji da na kifi, waɗanda ke ɗiba da buhu yayin da uwar gida ke auna gwangwani.

Abin da ke rage darajar irin wannan kifi a kasuwanninmu ba ya wuce yadda ake sarrafa shi. Wanda aka shanya a ƙasa yana zuwa da yashi, shi ya sa mata da yawa ke cire kai su zubar, su wanke shi har sai ya saki, a nan kuma rabin amfanin ke tafiya. Wanda ya daɗe a rana ko a rumbu mansa na lalacewa, ana gane shi da launin rawaya da warin tsohon mai. Mafi muni shi ne masu fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari domin kada ya yi tsutsa. Shanya a kan gadon raga da aka ɗaga daga ƙasa na magance yashin, ba kuma tsada gare shi ba. Ma'aikatan lafiya da ke koya wa iyaye haɗa garin kunun Tom Brown daga gero da waken suya da gyaɗa sukan ce a ƙara busasshen kifi, a soya shi sama-sama ba mai, a daka shi har ƙashin ya yi laushi, a tankaɗe, a fara ba yaro daga wata shida tare da nono.

A Peru, ruwa ya sake yin sanyi. A watan Afrilun 2024 gwamnati ta buɗe sabon zango, ta ba manyan jirage izinin kama kusan tan miliyan biyu da rabi, hayaƙi ya koma tashi daga masana'antun Chimbote.